Hoton gida a hannun ɗan ci-rani



Ya ku 'yan'uwa matasa, da wuya a samu ɗayanku da ba shi da wa ko ƙane a ci-rani: Abijan, Kotonu, Tamanraset ko Libiya. Ran sallah kuna tura musu hotuna ta WhatsApp: hawan Sarkin Damagaram, duwatsun Birni, cunkoson kasuwar Dole. Kun san abin da hotunan nan suke yi musu? Wani lebura ya faɗa mini, in dare ya yi sai ya buɗe hoton ƙofar gidansu a Zango, ya yi ta kallo, barci ya gagare shi.

Kewar gida ba rauni ba ce. Bilal ma, Allah ya yarda da shi, da zazzaɓi ya kama shi a Madina, Makka ya riƙa tunawa.

To amma hoto kaɗai ƙishirwa yake ƙarawa. In kun tura, ku kira. Ku miƙa wa Inna waya ta ji muryar ɗanta. Ku tambayi lafiyarsa kafin ku tambayi saƙo. In bai samu ba, ku ce masa ya dawo, ba abin kunya ba ne.

Allah ya maido mana su lafiya. Wassalam.