Babba Ya Riƙe Hannun Ƙarami: Jawabi a Taron Shekara

Shugaban ƙungiya, iyayenmu, 'yan'uwa 'yan asalin Wonaka mazauna birane.

A da, sai ɗanmu ya tafi Zariya ko Sakkwato kafin ya ga jami'a. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ga ta a ƙofar gida. To, amma samun gurbi daban, fitowa da digiri daban. Yaro zai tarar da ɗakin lacca maƙil, ba malamin da ya san sunansa. Ya faɗi darasi biyu a shekarar farko, kunya ta hana shi tambaya, kuɗin rajista ya gagara, sai mu ji ya dawo gida shiru.

Mu a kwalejin horon malamai, 'yan manyan aji ne suka raine mu, har muka zama mutane. Don haka muna roƙon kowane ɗalibinmu na aji uku ya riƙe sababbi biyu, su riƙa bita tare duk mako, ya sanar da ƙungiya tun matsala tana ƙarama. Ku kuma mazauna birane, ku ɗauki nauyin littattafai da kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Amin.