MINE NE ASALIN KALMAR « DEJENE » ?

Ga jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi ma ɗalibansa a makarantar manya ta ƙauye.

Bayan gaisuwa, malam ya ce duk wanda ya je birni ya ji ma'aikata suna cewa za su tahi dejene in midi ta yi, wato ƙarfe 12 na rana. Dejene faransanci ne. A takarda ana rubuta shi haka : déjeuner. Ma'anarsa yau a Faransa da Nijar ita ce abincin rana.

Ya ce kalmar gaɓa 2 ce. « De » tana nuhin warware abu. « Jene » kuwa azumi ne, ko zama da yunwa. In an haɗa su, sai a samu « karya azumi ». Mutum ya kwana bai ci komi ba, da sahe ya karya. Ashe tun asali dejene shi ne abin da Bahaushe ke ce ma karin kumallo. Tushen kalmar daga latin ne, harshen Rumawan da.

To, ƙaƙa abincin sahe ya koma na rana ? Malam ya ce wajen shekara ta 1800 masu hali na birnin Pari sunka riƙa jinkirta cin abinci. Sannu sannu dejene ya kai tsakar rana. Sai sunka raɗa ma na sahe sabon suna, « peti dejene », wato ƙaramin dejene. Abincin da suke ce ma « dine », wanda da na rana ne, ya koma na dare. Amma a Beljik da Suwis da Kebek ta Kanada, har yau mutane da yawa dejene na sahe suke nuhi.

Daga nan malam ya jawo hankalin jama'a. Ya ce wani lokaci likita yakan rubuta a takarda a sha magani bayan dejene. Wanda ya ɗauka na sahe ne, zai sha magani ba kan lokaci ba. Saboda haka kowa ya duba da kyau : in akwai « petit » a gaba, da sahe ne, in babu, da rana ne. Wanda bai gane ba ya tambayi likita da hausa tun bai bar wurin ba. Tambaya ba abin kumya ba ce.

A ƙarshe ɗalibai sunka ɗauki alli, kowa ya rubuta kalmomin 2 bisa allonsa.