Me Ke Sa Shafin Makaranta Ya Cije Ranar Sakamako?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani malami a Zariya, wanda aka ɗora wa kula da shafin intanet na wata kwaleji. Ya ce kullum shafin lafiya lau yake aiki, amma duk ranar da aka saki sakamakon jarrabawa sai ya cije, ɗalibai su yi ta jira har lamba 504 ta fito musu. Shugaban makarantar ya ba shi wata guda ya gyara, in ba haka ba a nemo wani. Yana tambaya, ko ya nemi kuɗi a sayo babbar sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin?

To malam, mun gode da takardarka. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka sayi komai tukuna. Ai ba a shan magani sai an san ciwon.

Lamba 504 ɗin nan ma'anarta, sabar da ke karɓar baƙi ta tura buƙata ciki, ta jira amsa har ta gaji. Ke nan akwai mai nawa a can baya, shi za ka nemo. A daidai lokacin cunkoson, in Linux kake amfani da shi, buga umarnin top ka duba: furosesa ce ta cika, ko RAM ce ta ƙare, ko kuwa na'urar zaman jiran faifan ajiya take yi? Sannan ka buɗe kundin da sabar ke rubuta kowace buƙata, ka ga wane shafi ne ya fi cin lokaci.

Sau da yawa laifin na rumbun bayanai ne. Lokacin da nake koyarwa, in rajista a jere take bisa lamba, nan take nake gano yaro. In kuwa a hargitse take, sai na bi suna ɗaya bayan ɗaya. Haka rumbun yake in ba a yi wa lambar ɗalibi fihirisa ba. MySQL yana da kundin tambayoyi masu nawa, kunna shi. Amma ka lura, a saitinsa na asali sai tambaya ta wuce daƙiƙa 10 yake rubuta ta, don haka ka rage zuwa 1.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce sabar na iya sallamar mutum 150 a lokaci guda. In kowa yana cin daƙiƙa 2, mutum 75 ke nan a daƙiƙa. In ka rage zuwa daƙiƙa 0.2, sun zama 750, ba ka kashe ko kwabo ba. Shi ya sa ƙara yawan masu shiga kawai ba ya magani. MySQL kan tsaya a haɗi 151, in ka ɗaga lambar alhali tambayar na nan da nawarta, layin kawai ka tsawaita.

Sai kuma ajiyar kusa. Sakamako ba ya sauyawa bayan an sake shi, me zai sa a riƙa lissafa shi duk lokacin da ɗalibi ya leƙo? A lissafa sau ɗaya, a ajiye a Redis ko Memcached, a riƙa miƙawa.

Kada ka ga kamar kai kaɗai ne. Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafinta na inshorar lafiya, HealthCare.gov. Jama'a suka yi masa ca, kuma kowa sai ya yi rajista kafin ya ga komai, sai ƙofar ta toshe. Mutum 6 kacal suka kammala a ranar farko. Sai da aka shafe kusan wata biyu ana aunawa ana gyara kafin ya daidaita.

Shawara ta ƙarshe, kada ka jira ranar sakamako. Ɗauki JMeter ka tura wa shafin baƙin gwaji da dare, 100, 500, 1,000, ka ga inda zai durƙusa. Gyara abu ɗaya, ka sake aunawa. In bayan duk wannan furosesa na cika, to ka je wa shugaba da alƙaluma a hannu, a ƙaro sabar ta biyu a raba musu kaya.

Allah ya ba da sa'a, malam. Ka rubuto mana yadda ta kaya. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.