Albashi Mai Tsoka, Aljihu Babu Kome: Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu



Abin da zan yi magana a kansa yau a wata ƙasa mai nisa ya faru, amma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin haya a Legas ko Ibadan zai gane shi nan da nan.

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai birnin San Faransisko, kudu da shi kuwa akwai yankin da ake kira Silicon Valley, mazaunin manyan kamfanonin kwamfuta irin su Apple da Google. Matasa masu ilmin na'ura suka yi ta kwarara can don neman albashi mai tsoka. To, amma dokokin gari sun ƙuntata gina sababbin gidaje. Mutane suka yi yawa, ɗakuna suka yi kaɗan, har ya zama a 2019 hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya a birnin ta haura dala 3,000 a wata.

Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe ofisoshi, kowa ya koma yin aiki daga gida ta intanet. Nan fa ma'aikata suka ga ba dalilin ci gaba da miƙa wa mai gida guminsu, tun da aikin yana yiwuwa daga ko'ina. Tsakanin Yulin 2020 da Yulin 2021 birnin ya rasa fiye da kashi 6 cikin 100 na mazaunansa. Kamfanin Oracle a 2020, da na Tesla a 2021, suka mai da hedkwatarsu Ostin ta jihar Teksas, inda gwamnatin jiha ba ta karɓar harajin albashi. Garin Tulsa kuwa tun a 2018 ya fara ba da dala 10,000 ga mai aiki ta intanet da ya yarda ya tare can.

Jama'a, arzikin ma'aikaci shi ne abin da ya rage masa bayan haya da kuɗin mota da haraji. Wanda zai bar gida ya yi wannan lissafi tukuna. Hukuma ma tana da nata alhakin. Alhaji Lateef Jakande ya gina gidaje masu sauƙin kuɗi a Legas tsakanin 1979 da 1983. Duk mai neman ƙuri'armu sai mu tambaye shi gidaje nawa zai gina wa talaka, domin garin da ya hana ma'aikaci makwanci ba zai daɗe da shi ba.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.