Maganin Damuwa da Ciwon Jijiya: Jawabi ga Ɗalibai



Batunmu na yau shi ne wasu magunguna da masana ke kira masu zobe uku, saboda siffar sinadarinsu. Asalinsu ƙasar Suwizalan ne. Kamfanin Geigy ya haɗa wani magani, imipramine, daga baya aka sa rai zai yi wa masu taɓin hankali mai tsanani amfani, amma bai yi ba. Sai wani likita, Roland Kuhn, ya lura cewa masu ciwon damuwa, watau waɗanda baƙin ciki ya danne har suka daina ci da barci, su ne ke farfaɗowa bayan 'yan makonni. Ya sanar da haka a 1957. A 1961 kuma amitriptyline ya fito a Amurka. Ba za mu ɓoye ba, binciken tarihi da aka buga a 2019 ya nuna Kuhn ya yi ta gwada magunguna a kan majinyata ba tare da neman yardarsu ba.

To, yaya suke aiki? Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo ne da wasu sinadarai, sannan su sake tsotse su. Julius Axelrod, wanda ya sami kyautar Nobel a 1970, ya nuna cewa waɗannan magunguna suna hana tsotsewar, sai saƙon ya daɗe.

Ga inda muke so ku kasa kunne. Sinadaran nan su ne kuma ke dakushe saƙon zafi a cikin laka. A 1987 Mitchell Max da abokan aikinsa suka gwada amitriptyline a kan masu ciwon sukari da ƙafafunsu ke zogi kamar an zuba garwashi. Zafin ya ragu, har ga waɗanda ba su da damuwa ko kaɗan. Saboda haka in likita ya rubuta wa mahaifinka shi, ka karanta takarda ka ga an ce maganin damuwa ne, kada ka koma gida ka ce likita ya mai da tsoho mahaukaci. Ku masu ilimin boko ake tambaya a gida, kuma da bakinku ake jefar da magani.

Don ciwon jijiya akan fara da miligiram 10 zuwa 25 da dare, ƙasa ƙwarai da abin da mai damuwa ke sha. Yana kawo bushewar baki da gyangyaɗi. In kuwa aka sha fiye da ƙima, yana rikita bugun zuciya har ya yi kisa, don haka a ajiye shi nesa da hannun yara.