Waya a Aji: Jan Hankali ga 'Yan Uwa Ɗalibai

'Yan uwa, mun ji wasunku suna ƙorafi wai ana karɓe masu waya a makaranta, har suna kiran abin zalunci. To, wane zalunci? Faransa, wadda ba ruwanta da tarbiyyar Musulunci, tun 2018 ta kafa dokar hana yara amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare. Hankalin 'ya'yansu suke karewa. Kai kuwa malam yana biya karatu, ka sunkuya kana duba sakamakon ƙwallo, gobe a ce kawo hadda ka yi zuru. In gida ke nemanka, ai suna da lambar shugaban makaranta. Ku miƙa ta da safe, in an tashi ku karɓa.