Kiɗan Hebi Metal: Rassansa da Abin da Ya Gada Daga Pank



Maganata a yau a kan kiɗan Turawan nan ne da ake kira hebi metal. Na san da yawa daga cikinmu idan suka ji shi a wayar ƙannensu, hayaniya kawai suke ji, wasu ma sukan ce duk na bautar shaiɗan ne. A ganina, kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san rassansa, domin ba a taru an zama ɗaya ba.

Asalin kiɗan daga birnin Bamingham na Ingila ne, garin masana'antu. A can aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, inji ya taɓa yanke masa kan yatsu biyu a masana'anta. Daga baya sai ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya rage zafin dannawa, sautin ya ƙara kauri da nauyi.

Shi kuwa pank ƙane ne, domin sai wajen 1976 ya yi tashe, ta hannun Ramones a Amurka da Sex Pistols a Landan. Waƙoƙinsa gajeru ne masu sauri, cike da fushin matasa. Saboda haka duk wanda ya ce metal daga pank ya fito, ya haifar da ɗa kafin ubansa. Abin da pank ya bayar shi ne sauri da zafin rai, kuma ƙungiyar Motörhead, wadda aka kafa a 1975, tana cikin na farko da suka haɗa biyun.

Masana sukan raba rassan ne da ma'auni uku: saurin kiɗa, irin murya, da jigon waƙa.

Na farko shi ne doom, mai tafiyar hawainiya da jigon baƙin ciki. Wannan ya bi sawun Black Sabbath kai tsaye, kusan babu ruwansa da pank.

Na biyu shi ne thrash, wanda Metallica da Slayer suka yi fice da shi a Kalifoniya daga 1983. Gangarsa gudu take yi irin na pank, kuma su ma ba su ɓoye ba: a 1996 Slayer ta fitar da faifan da akasarinsa waƙoƙin pank ne ta sake rerawa.

Daga thrash aka sami death metal, wato kiɗan mutuwa, wanda ya yi ƙarfi a jihar Fulorida. Mawaƙinsa gurnani yake yi daga maƙogwaro.

Sai black metal, mai siririyar kururuwa, wanda ya samo suna daga faifan ƙungiyar Venom na 1982. Nan ne zargin jama'a yake da tushe, domin wasu makaɗansa a ƙasar Nowe sun ƙona majami'u daga 1992, an kuma ɗaure wasunsu.

Na ƙarshe shi ne grindcore, wanda ya fi kowa kusa da pank. Ƙungiyar Napalm Death ta Bamingham ta fitar da faifan Scum a 1987, a cikinsa akwai waƙar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Duk da ƙarar kiɗansu, yawancin waƙoƙinsu suka ne ga yaƙi da wariyar launin fata da zaluncin masu kuɗi.

To 'yan'uwa, kun ga mai sukar wariyar launin fata da mai ƙona wurin ibada duk suna ɗaya ake kiransu da shi. Idan muka yi musu kuɗin goro, yaron da ya san bambancin zai gane ba mu san abin da muke faɗi ba, ya daina sauraronmu. Shawarata ita ce, mu zauna da shi, mu tambaye shi wace ƙungiya yake ji, mu karanta kalmomin waƙar tare, sa'an nan mu hana abin da ya kamata a hana.